William Harvey: Likitan da ya gano yadda jini ke zagaya jiki

Duk wanda aka taɓa ɗibar jininsa a asibiti ya san yadda ake yi. Ma'aikaciyar jinya takan ɗaure masa damtse da roba, ta ce ya dunƙule hannu, nan da nan jijiyoyin da ke ƙasa da ɗaurin su taso su yi ruɗu-ruɗu. Likitocin Turai sun shafe ɗaruruwan shekaru suna irin wannan ɗauri kafin su tsaga jijiyar majinyaci su rage masa jini. Littattafansu kuwa sun koya musu cewa ta waɗannan jijiyoyi ne jini ke gangarowa daga cikin jiki zuwa yatsu. Da haka abin yake, da ta saman ɗaurin jinin zai taru, amma kullum ta ƙasa yake taruwa. Mutumin da ya riƙe wannan tambaya har ya kai ga amsarta shi ne William Harvey, likita ɗan Ingila, wanda a 1628 ya tabbatar da cewa zuciya famfo ce, kuma jini guda ne yake fita daga cikinta ya zagaya jiki ya dawo.

Haihuwa da karatu

An haifi Harvey ranar 1 ga Afrilu, 1578 a Folkestone, wani gari na bakin teku a kudu maso gabashin Ingila. Mahaifinsa Thomas mai rufin asiri ne, yana noma yana kasuwanci, har ya riƙe shugabancin garin. William ne ɗan fari a ɗakin mahaifiyarsa Joan, wadda ta haifi maza bakwai da mata biyu. Biyar daga cikin ƙannensa sun zama attajirai a Landan, suna fatauci da ƙasashen Daular Usmaniyya. Shi ne ya bi hanyar littafi, amma gidan lissafi ya tashi, kuma da lissafi ya yi aikin da ya fitar da sunansa.

Bayan makarantar Canterbury, ya shiga kwalejin Gonville da Caius ta Jami'ar Cambridge a 1593, ya kammala digirin farko a 1597. Daga nan ya nufi Padua a ƙasar Italiya, wadda a wancan zamani babu jami'ar da ta kai ta suna a fannin likitanci a duk Turai. A can akwai zauren feɗe gawa da aka gina hawa-hawa, ɗalibai na tsaye a zagaye suna leƙen teburin da ke tsakiya. Malaminsa shi ne Fabricius, wanda ya yi nazarin wasu 'yan marufai masu laushi da ke cikin jijiyoyin hannu da na ƙafa. A fahimtar malamin, aikinsu shi ne rage wa jini gudu don kada ya taru a ƙafafu. Ɗalibin ya ga marufan, ya ji bayanin, ya adana su a ransa. Ya karɓi shaidar zama likita a watan Afrilun 1602, ya koma gida.

A Landan tauraruwarsa ta haska da wuri. A 1604 ya auri Elizabeth Browne, 'yar wani likitan fada. A 1607 ya zama cikakken ɗan Majalisar Likitoci ta Landan, a 1609 aka ba shi aikin likita a asibitin St Bartholomew, inda yake duba talakawa. A 1615 majalisar ta ɗora masa nauyin gabatar da laccocin ilimin sassan jiki, sannan a 1618 ya shiga sahun likitocin Sarki James na ɗaya. John Aubrey, wanda ya san shi a ƙarshen rayuwarsa, ya siffanta shi da gajeren mutum mai baƙin gashi da ƙananan idanu masu kaifi, mai saurin fushi a ƙuruciyarsa.

Abin da ya tarar a littattafai

Ilimin da Harvey ya gada ya samo asali ne daga Jalinus, likitan Girka da ya yi zamani a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). A koyarwarsa, hanta ce ke mayar da abinci jini, jinin ya bi jijiyoyi ya watsu cikin jiki, gaɓoɓi su shanye shi kamar yadda ƙasa ke shanye ruwan ban-ruwa, sannan hanta ta sake yin wani. Ya ce wani kaso na jinin yana shiga ɓangaren dama na zuciya, ya tsiyaya zuwa ɓangaren hagu ta wasu kafofi da ido ba ya gani a bangon da ya raba su, a can ya gauraya da iska daga huhu. Sama da shekara 1,300 ana karantar da wannan, kuma likitan da ya musa shi yana iya rasa mutuncinsa a cikin 'yan uwansa.

An samu waɗanda suka yi gyara kafin Harvey. Na farkonsu shi ne Ibnu Nafis, masanin Dimashƙa da ya yi aikin likita a Alƙahira. A sharhin da ya yi wa littafin Alƙanun na Ibnu Sina wajen 1242, ya bayyana cewa bangon zuciya ba shi da wata kafa, kuma jini yana fita ne daga ɓangaren dama ya bi ta huhu kafin ya shiga na hagu. Wannan bayani ya daɗe a kwance cikin rubutun hannu, sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da shi a wani ɗakin karatu a Berlin. A Turai ma Michael Servetus ya rubuta makamancin haka a 1553, haka Realdo Colombo a 1559, kuma Harvey ya ambaci Colombo a littafinsa. Sai dai dukansu sun tsaya ne a kan gajeriyar tafiyar da ke tsakanin zuciya da huhu. Doguwar tafiyar, wadda ta haɗa dukan jiki, ba a san da ita ba.

Gani ya kori ji

Harvey ya ɗauki hanyar duba abu da idonsa. Ya feɗe karnuka da aladu da tumaki, amma ya tarar zuciyar dabba mai shayarwa tana bugawa da saurin da ido ba ya iya bambance matsewa da saki. Sai ya koma ga kwaɗi da macizai da kifaye, waɗanda zuciyarsu ke tafiya a hankali, ya kuma riƙa lura da zuciyar dabbar da ke gab da mutuwa, lokacin da bugun ke ja da baya. A nan ya ga tsarin a fili. Ɗakunan sama ne ke fara matsewa su tura jini ƙasa, sannan na ƙasa su matse da ƙarfi su watsa shi waje. Magabata sun ɗauka zuciya tana aiki ne a lokacin da ta buɗe ta zuƙo jini. Harvey ya nuna cewa aikinta na gaske shi ne matsewa, domin tsoka ce, kuma harbawar da ake ji a wuyan hannu turin jinin ne da ta watso.

Daga nan sai lissafi. Ya auna abin da ɗakin hagu na zuciyar mutum ke iya ɗauka, ya samu wajen oza biyu. Da gangan ya ɗauki ƙaramar ƙididdiga: a ce rabin oza kawai ke fita a kowane bugu, a ce kuma bugu 1,000 zuciya ke yi cikin rabin sa'a, alhali ta fi haka nesa ba kusa ba. Jimilla oza 500 ke nan, fiye da kilo 14 na jini cikin minti 30, wato ninkin ba ninkin abin da ke cikin jikin mutum gaba ɗaya. Ya kuma tsiyaye jinin tunkiya ya auna, bai wuce laba huɗu ba. Babu hantar da za ta iya yin wannan jini daga abincin yini guda, babu kuma jikin da zai shanye shi bai fashe ba. Duk ɗan kasuwar da ya ga kayan da ke fita ta ƙofar rumbunsa sun ninka abin da ya saro, alhali rumbun bai taɓa zama fayau ba, ya san kayan nan suna dawowa ta wata ƙofar. Hukuncin da Harvey ya yanke ke nan: jinin da ya fita shi ne yake dawowa.

Bai tsaya ga alƙaluma ba, sai da ya gwada. Ya buɗe maciji da ransa, ya matse babbar jijiyar da ke shiga zuciya, zuciyar ta yi fari ta ƙanƙance don babu abin da ke shigowa. Ya saki wannan ya matse wadda ke fita, zuciyar ta kumbura ta yi jawur kamar za ta fashe. Ya kafa hujja da mahauta, waɗanda suka san cewa idan aka yanke jijiyoyin wuyan sa, jininsa kan tsiyaye kaf cikin ƙasa da kwata na sa'a.

Gwajin da ya fi shahara shi ne na ɗaurin hannu. Jijiyoyin jini iri biyu ne: masu harbawa, waɗanda ke can ciki kusa da ƙashi, da marasa harbawa, waɗanda ake hangowa kore-kore a bayan hannu. Idan aka ɗaure damtse tamau, duka biyun sun toshe, harbawa ta tsaya a wuyan hannu, hannun ya fara sanyi. Idan aka ɗan sassauta, masu harbawa sun buɗe, jini ya shiga hannun, amma na saman suna nan a matse, sai su cika su kumbura ta ƙasan ɗaurin. Ma'ana, jini yana shiga ta masu harbawa, yana neman komawa ta marasa harbawa. A kan jijiyar da ta kumbura ana ganin wasu 'yan ƙulle-ƙulle, wato marufan nan na Fabricius. Harvey ya danne jijiyar da yatsa ɗaya, ya shafe jinin da ɗayan zuwa sama har ya wuce marufi, sai wurin ya zauna babu jini, ya ƙi cika daga sama. Da ya ɗaga yatsan ƙasa, nan take ya cika. Marufan ƙofofi ne masu buɗewa gefe guda, kuma duk zuciya suke fuskanta. A tsufansa Harvey ya shaida wa masani Robert Boyle cewa waɗannan marufai ne suka fara sa shi tunanin zagayawar jini.

Yadda tafiyar take

Tsarin da Harvey ya shimfiɗa shi ne har yau ake karantarwa, kuma iri ɗaya ne a jikin mutum da rago da saniya da raƙumi da sauran dabbobi masu shayarwa. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a dama, biyu a hagu, da bango a tsakani. Jinin da ya gama aiki a jiki yana dawowa ɓangaren dama, a tura shi huhu, inda yake sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki iskar oksijin. Daga huhu ya shiga ɓangaren hagu, wanda ke watsa shi cikin babbar jijiyar da ta rarrabu zuwa kai da ciki da hannuwa da ƙafafu. Marufai huɗu a cikin zuciyar suna hana shi komawa baya, kuma rufewarsu ce sautin da likita ke saurare idan ya ɗora abin awo a ƙirji. Duk wanda ya tsaga zuciyar ragon layya zai ga naman ɗakin hagu ya fi na dama kauri sosai, domin na dama huhu kawai yake kai wa, na hagu kuwa har tafin ƙafa. Kifi ɗaki biyu gare shi, kwaɗo uku. Cikakkiyar rabuwar dama da hagu, wadda ke hana jinin da ya sha iska gauraya da wanda bai sha ba, tana cikin abin da ke ba masu shayarwa da tsuntsaye damar riƙe ɗumin jikinsu.

Awon zamani ya nuna Harvey ya yi rowa ƙwarai a lissafinsa. Baligi yana da jini wajen lita 5, kuma zuciyarsa tana tura kusan wannan adadi a kowane minti ɗaya yana zaune. Tana bugawa kimanin sau 100,000 a yini, ta tura lita wajen 7,000, kwatankwacin jarka 280 mai cin lita 25.

Littafi da abin da ya jawo

Harvey ya yi shekaru yana gwada hujjojinsa a gaban abokan aikinsa kafin ya yarda a buga su. Littafin, wanda aka fi sani da De Motu Cordis, wato motsin zuciya, ya fito a 1628 a birnin Frankfurt na Jamus, cikin harshen Latin. Shafi 72 ne kacal, babi 17, a kan takarda mara kyau, cike da kurakuran ɗab'i. Ya sadaukar da shi ga Sarki Charles na ɗaya. Yana da shekara 50 a lokacin, yana da suna da matsayi da manyan majinyata, kuma ya san abin da yake jefawa cikin haɗari.

Gaskiya ɗaci gare ta. Aubrey ya ruwaito daga bakinsa cewa bayan fitowar littafin masu zuwa neman magani wurinsa sun ragu ƙwarai, jama'a suna ganin ya samu taɓin hankali, likitoci kuma suka juya masa baya. James Primrose ya wallafa raddi a 1630. A 1636, lokacin da Harvey ya raka wata tawagar jakadanci zuwa Jamus, ya yi wa farfesa Caspar Hofmann bayani ido da ido, amma dattijon bai gamsu ba. A Faris, Jean Riolan, jigon masana sassan jiki na Faransa, ya tsaya kai da fata wajen kare Jalinus. Masu adawa sun samu abin zolaya a kalmar Latin da ake kiran mabiyansa da ita, domin tana kuma nufin mai tallar maganin bogi a kasuwa.

Adawar tana da dalilanta. Yawancin magungunan zamanin, musamman tsaga jijiya a wani keɓaɓɓen wuri don rage jinin wata gaɓa, a kan koyarwar Jalinus aka gina su, kuma idan jini ɗaya ne ke zagayawa ko'ina, zaɓen wurin tsagar ya rasa tushe. Sannan akwai giɓi biyu da Harvey bai iya cikewa ba. Bai ga mahaɗar da jini ke bi daga jijiyoyi masu harbawa zuwa marasa harbawa ba, bai kuma san takamaiman amfanin zagayawar ba, tunda ba a gano oksijin ba tukuna. Ya yi shiru na tsawon shekara 21, sai a 1649 ya mayar wa Riolan martani da wasiƙu biyu, yana kiran masu shakka su feɗe su gani da idonsu.

Fada da yaƙi

Sarki Charles ya riƙe shi da daraja, ya ba shi damar feɗe barewar da ake farautowa a dazuzzukan sarauta. Akwai wani saurayi ɗan gidan sarautar Montgomery wanda ya yi mummunar faɗuwa yana yaro, raunin ya bar masa rami a ƙirji da ake rufewa da faranti. Sarki ya aiki Harvey ya duba shi. Ya sa yatsunsa ya taɓa zuciyar tana bugawa, saurayin bai ji komai ba. Ya kai shi gaban sarki, shi ma ya taɓa, suka ga lokacin da zuciyar ta matse shi ne lokacin da harbawa ke zuwa wuyan hannu.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1642 tsakanin sarki da majalisar dokoki, Harvey ya bi ubangidansa. A fafatawar Edgehill an damƙa masa kula da 'ya'yan sarki biyu. A Landan kuwa aka fasa masaukinsa da ke fadar Whitehall, aka wawashe takardunsa, ciki har da bayanan gawarwakin da ya feɗe da nazarin shekaru a kan ƙwari. Har ya mutu yana jin zafin wannan asara. Ya zauna tare da sarki a Oxford, inda aka naɗa shi shugaban kwalejin Merton a 1645, amma da birnin ya miƙa wuya a 1646 ya rasa muƙamin. Matarsa ta rasu ba su samu haihuwa ba, aka fille kan Sarki Charles a watan Janairun 1649. Harvey ya koma zama a gidajen ƙannensa, ciwon gaɓoɓi yana damunsa, har yakan tsoma ƙafafunsa cikin ruwan sanyi don samun sauƙi.

Ƙarshen rayuwa

A 1651 abokinsa George Ent ya lallashe shi ya saki littafinsa na biyu, a kan yadda halitta ke ginuwa a cikin ƙwai da mahaifa. Zuwa lokacin guguwar ta lafa, matasan likitoci a Ingila da Holan sun maimaita gwaje-gwajensa sun samu abin da ya samu. Majalisar Likitoci ta kafa mutum-mutuminsa yana raye, a 1654 kuma ta zaɓe shi shugabanta, ya nemi afuwa saboda tsufa. Ya gina mata ɗakin karatu da kuɗinsa, a 1656 ya ba ta gonar gadonsa da ke Burmarsh, da sharaɗin a riƙa gabatar da lacca duk shekara don ƙarfafa wa likitoci gwiwar binciken sirrin halitta ta hanyar gwaji. Ɗakin karatun ya ƙone a babbar gobarar Landan ta 1666, amma laccar tana gudana har yau.

Ya mutu ranar 3 ga Yuni, 1657, yana da shekara 79, bayan bugun jini a ƙwaƙwalwa ya ɗauke masa magana. An binne shi a ƙauyen Hempstead da ke yankin Essex. Shekara huɗu bayan haka, a 1661, Marcello Malpighi na Italiya ya sa huhun kwaɗo a ƙarƙashin madubin likita, ya ga siraran jijiyoyin da suka fi gashi siranta, waɗanda ke haɗa masu harbawa da marasa harbawa. Mahaɗar da lissafin Harvey ya ce dole tana nan, ta bayyana. A 1669 Richard Lower ya nuna cewa a huhu ne jini ke sauya launi ya yi ja bayan ya haɗu da iska.

Harvey bai ƙirƙiro wani magani ba, kuma an daɗe bayansa ana tsaga jijiyar marasa lafiya. Amma allurar da ake yi a jijiyar hannu maganin ya isa ko'ina a jiki, da ƙarin ruwa, da ƙarin jini ga mai naƙuda ko wanda ya yi hatsarin mota, da awon hawan jini, da wankin ƙoda, da tiyatar zuciya, duk a kan shafuka 72 ɗin nan suka tsaya. Ita ma ma'aikaciyar jinyar da ke ɗaure damtse kafin ta soka allura, gwajin Harvey take maimaitawa, kuma jijiyar tana tasowa ta ƙasan ɗaurin kamar yadda ya bayyana.